Duwatsu ukun Malam Baya

Shekara goma sha tara na yi ina dafa wa 'yan babbar sakandare abinci, kuma duk cikin malamai babu wanda bakina ya sa a gaba irin Malam Baya. Yara ne suka raɗa masa sunan, don in ya fita da 'yan ajin ƙarshe daji ba ya taɓa shiga gaba. Siriri ne kamar muciyata, ga wasu takalma da ko bola sai ta yi shawara kafin ta karɓa.

Kowane zango yakan kwashe su su yi kwana uku a gindin tsauni, ni ma a loda ni a mota da tukwanena. Sai ya raba su rukuni-rukuni, kowanne da shugabansa. 'Yan gaba in sun iso mararraba sai su ɗora duwatsu uku a bakin hanyar da za a bi, na baya su gani su bi. Shi kuwa yana can ƙarshe da rukunin masu ciwon ƙafa.

"Malam," nakan ce masa, "iyaye sun biya kuɗin karatu, kai kana koya wa 'ya'yansu kiwo ba awaki."

"Inna, ƙara gishiri dai," iyakar amsarsa ke nan.

A fitarmu ta ƙarshe direba ya ajiye ni kusa da wata mararraba don in dafa na rana. Wurin duk yashi ne. Ina dubawa sai ga duwatsu uku a ɗore, daidai murhu, kamar wani ɗan albarka ya ajiye mini. Na kwashe, na ɗora tukunya.

Rukuni na uku suka zo, ba alama, suka bi hagu. Sai la'asar aka gano su a wani kwari, ruwansu ya ƙare, yarinya ɗaya ta suma. Ta farfaɗo, amma ubanta bai huce ba. Shugaban makaranta ya tara mu a ofis ya tambayi wa ya yi sakaci. Ni da bakina ba ya rufuwa ko a gidan makoki, ranar sai na zama bebiya. Ina da jikoki huɗu a wuyana, ina tsoron kora.

Malam Baya ya ce, "Ni ne, ranka ya daɗe."

Aka soke fita dajin. Ya koma zana tsaunuka da alli har ya yi ritaya.

Bara na same shi a ƙofar gidansa yana gyaran keken jikarsa. Na zauna, na yi ta kewaye-kewaye, har dai na faɗa.

"Na sani, Inna. Na ga duwatsun a ƙarƙashin tukunya, sun yi baƙi."

"Ka sani, ɗan nema, ka bar ni shekara takwas ina haɗiyar wuta?"

"Yara arba'in na koya wa alamar nan, na manta da mai tukunya. Laifin wa ke nan?"

Na ce zan je wajen sabon shugaba in faɗi gaskiya, ko za a dawo da fitar. Ya dubi gwiwoyinsa ya yi dariya.

"Je ki. Amma sai dai su nemi wani ya bi bayansu."

Na je. Sabon shugaban ya saurare ni da ladabi, sannan ya tambaye ni wane ne Malam Baya.