Mas'uda da Romon Ranar Asabar

Kafin mazauna gidan tsofaffi na garin Dimona su farka, Mas'uda Elkayam ta riga ta shiga kicin tana faɗa da tukwane. Tun tana amarya take dafa musu abinci, yau jikokinta sun fi ta tsawo, ƙarshen watan nan kuma za ta ajiye aiki. Baki gare ta, wannan kowa ya sani. Amma wanda ta fi yi wa tsiya shi ke samun tsoka mai laushi.

Ran Juma'a take haɗa dahuwar mutanen Maroko, nama da dankali da alkama da ƙwai, ta aza a murhun lantarki tun rana ba ta faɗi ba, ya kwana yana nuna, tunda a addininsu ba a kunna wuta ran Asabar. Kowa sai ya suɗe kwano, ban da Abba Melkamu, wani dattijo haifaffen Habasha. Shi ture nasa yake yi.

"Baba, guba na zuba maka?"

"'Yata, Attaura ta hana wuta ran Asabar. A ƙauyenmu tun Juma'a muke kashe murhu, mu ci da sanyinsa."

"To ai ba yau na kunna ba!"

"Wutar tana ci ko ba ta ci?"

Ita kuwa Mas'uda tambaya ba ta kwana a cikinta. A ranar ta tare Rabbi Nisim, malamin unguwa, a bakin ƙofa.

"Malam, tsakanina da Baba wa ke saɓo?"

Ya yi dariya. "Babu. Attaura rubutacciya ita ce tushe, amma a taƙaice take magana. Bayaninta baki da baki ya taho, daga malami zuwa ɗalibi, har aka tara shi a littafin Mishna. Na baya suka yi ta muhawara a kai, ya zama Talmud. Su suka ce kunnawa aka hana, ba wutar da aka bari tana ci ba. Kakannin Abba suna can bayan duwatsu, Talmud bai kai gare su ba, sai suka riƙe Attaura yadda suka karanta ta."

"Au! Ashe shi uwar ya riƙe, mu muka haɗa da 'yar."

Daga ranar ta koyi gasa burodin Habasha, duk Juma'a ta ware wa Abba nasa kwanon nesa da murhu. Ke ce kika yi wannan, Mas'uda, babu wanda ya sa ki.

Da sanyin bara, ciwon ƙirji ya kwantar da Abba. Likita ya ce jikin ya yi rauni, dole a riƙa ba shi abu mai zafi, in ba haka ba komai na iya faruwa. Asabar na zuwa, Abba ya datse baki. Ma'aikatan jinya suka yi lallashi har suka gaji. Tsoro ya kama Mas'uda. Ta nufi ɗakin ibada, ta aika aka fito mata da Rabbi ana tsakiyar addu'a.

"Malam, tsohon nan zai tafi muna kallo!"

"Malamai sun ce ceton rai ya fi Asabar."

"Ba ya jin malamanku. A ina suka samo?"

Ya gaya mata. Ta dawo ta zauna a gefen gado da kwanon romo.

"Baba, a Attaurarka akwai inda Allah ya ce a bi dokokinsa domin a rayu?"

Tsoho ya buɗe ido, ya karanto wurin da ka, cikin harshen addu'ar kakanninsa. "Akwai."

"To a nan malamanmu suka tsaya. Suka ce rayuwa aka ambata, ba mutuwa ba. Ba daga aljihunsu suka ciro ba, daga naka littafin ne."

Ya sake bitar wurin, leɓunansa na motsi. Can ya ce, "Yaran nan sun iya karatu. Miƙo."

Ma'aikatan da ke tsaye suka ce sai da ya shanye tas, ita kuma tana share hawaye tana yi masa mitar ya ɓata mata riga.

Ke ce uwar gajiyayyu, Mas'uda. Ba ki tsaya neman wa ya fi gaskiya ba, kika bi sawun magana har inda ta haɗa ku. Mun gode. Wanda duk aka ba amanar tsoho, ya yi tambaya irin taki kafin ya ce taurin kai ne. Abba Melkamu na nan da ransa, ya ce a ajiye masa kujerar gaba ran bikin sallamarki.