Sun Zo Kayar da Turmi

Ranar Asabar ce, cikin watan zafi. Baban Nana ya fita da mota tun bayan sallar asuba, ya tafi filin jirgin sama na JFK jiran fasinja. Ni na dama koko, na yi wa Nana wanka, na jiƙa waken ƙosai. Shekararta ɗaya da wata biyu a lokacin. Gidanmu a hawa na biyar yake a unguwar Concourse Village, cikin Bronx a Amurka, lif ɗin kuwa ya kwana uku ba ya aiki.

Ƙarfe tara da minti goma waya ta yi ƙara. Yaya ce. Ta ce tana ƙasa da buhun shinkafa.

Bari in faɗi ko wace ce Yaya, saboda wanda bai san mu ba. Uwarmu ɗaya, ubanmu ɗaya. Namiji aka haife ta, aka raɗa mata Sanusi. A Maradi Turmi kowa yake kiran ta, saboda kokowa. Na ga ranar da ta ɗaga wani ƙato sama ta maka shi da ƙasa, har makaɗa suka yar da ganga suka ruga cikin fili. Da ta zo Amurka dakon kayan gida ta yi, firiji take saɓawa a baya ita kaɗai. Shekara uku da suka wuce ta bar Bronx ta koma Stapleton, can tsallaken ruwa. Ta ce mini yanzu sunanta Samira, kuma likita ya ɗora ta kan magani. Na yi wata guda ina kuka. Ban yi karatu mai nisa ba, ban san abin da malamai za su yanke ba. Na dai san wadda ta goya ni har asibiti ranar da na taka kwalba. Na ci gaba da ce mata Yaya.

Ƙwaya iri biyu take sha. Ɗaya tana ƙara mata sinadarin homon na mata, ɗaya tana danne na maza. A idona aka yi komai, ni kuwa mai kallo ce. Da farko fatarta ta yi laushi, warin zufarta ya canja. Bayan shekara kafaɗa ta faɗa, damtsen nan mai kamar tulu ya zube, nama ya koma ƙugu da cinya. Ba ta daina zuwa jim ba, sau huɗu a sati. Amma ta ce ƙarfen da take ɗagawa sau goma a da, yanzu a na uku hannu yake rawa. In ta wahalar da jiki ranar Litinin, ciwon sai Alhamis yake sakin ta. Likita ya ce mata jinin ma ya koma irin na mata, shi ya sa numfashi yake yanke mata da wuri. Tana faɗa tana dariya, ta ce abin da ta nema ke nan. Ina ji da kunne, zuciyata ba ta taɓa ɗauka ba. A wurina Turmi Turmi ne.

Minti goma sha biyu ta yi kafin ta hawo. Na ji ta sauke buhun a hawa na uku, na ji hakinta tun daga can.

"Ƙanwa, buɗe, raina zai fita."

"Yau buhu ne ya kayar da Turmi?"

"Turmi ya koma ƙwarya, a riƙa lallaɓa shi. Ba ni ruwa, marar mutunci."

Ta sha kofi biyu. Ta jefa jakarta kan gadonmu, ta zauna a ƙasa tana wasa da Nana, tana ɗaga ta sama tana saukewa. Na surfa wake. Na zuba a bilanda da albasa da attarugu.

Sha ɗaya da minti biyar na kashe bilanda. Sai na ji takun ƙafa a matakala. Mutane da yawa ne, suna hawowa a hankali, ba mai magana. Mutanen gidanmu in suna hawa surutu suke yi, suna zagin lif.

Aka ƙwanƙwasa sau uku.

"Hadiza. Baffanki ne. Buɗe."

Baffa Ila ƙanen mahaifinmu ne, yana sayar da huluna da jakunkuna a bakin titi a Harlem. Shi ya yi mini walicci. Tun ina ƙarama ban taɓa ganin an bar baffa tsaye a bakin ƙofa ba. Abin da ban sani ba shi ne, wani ya ɗauki Yaya a waya tana jim da kayan mata, hoton ya yi ta yawo har ya isa ƙofar masallacin kartiyenmu, wato unguwarmu, a Maradi. Wani kuma ya ga tana shigowa gidanmu duk Asabar.

Yaya ta miƙe, ta girgiza mini kai. Hannuna ya riga ya zare sarƙa.

Ƙofar ta bugi bakina. Na faɗi zaune, na ji gishirin jini. Su huɗu ne. Baffa a gaba, hannunsa babu komai. Bayansa Mamman Sani, wanda Yaya ta taɓa kayarwa sau biyu a fili, yana riƙe da ƙarfen kwance taya. Sauran biyun ban san su ba, ɗaya da kulkin besbol, ɗaya da igiyar wuta a naɗe. Ba su yi sallama ba.

"Ga ɗan daudun nan! Ku kama hannuwan!"

"Kada ku bari ya riƙe ƙugu!"

Mai kulki ne ya fara zuwa. Yaya ta sunkuya, ta shiga ƙarƙashinsa, ta sa masa ƙafa. Ya tafi da baya ya faɗa kan tebur, ƙullun ƙosai ya watsu har bango. Kayen nan na san shi, irin na da ne sak. Sauran suka ja baya taku ɗaya. A zuciyata na ce shi ke nan, sun taɓo wa kansu.

Amma na ji numfashinta. Kaye ɗaya kawai ta yi, tana haki kamar wadda ta hawo da buhun nan sau biyu.

Nana tana tsala ihu a gefen kujera. Baffa ya nuna ta da yatsa.

"Ku ɗauke yarinyar! Ba a renon ɗiyar Musulmi a gidan nan!"

Na rarrafa na fizge ta. Mai igiya ya zabga mini a baya, zafin ya ratsa har cikin haƙorana. Yaya ta ture ni cikin ɗan lungun da ke tsakanin falo da uwar ɗaki, ta tsaya a bakinsa. Lungun ƙunci ne da shi, mutum ɗaya yake ci. Ta dafa bango da hannu biyu, dama da hagu.

"Goya ta! Taga! Makullina na cikin jaka!"

Na ja zanin gado na goya Nana. Ɗauri biyu na yi, na ƙara na uku. Na rataya jakar Yaya a wuya, na cusa wayata cikin riga. Na ɗaga taga. Agogon gefen gado yana nuna sha ɗaya da minti goma sha biyu.

Na waiwaya sau ɗaya. Bayanta nake gani. Mutum biyu suna tura ta da kafaɗa. Hannuwanta suna karkarwa a jikin bango kamar ƙafar ɗan akuya sabuwar haihuwa. Na gani da idona. Na ce wa kaina Turmi ne, na fita.

Tsanin gudun gobara ya sha rana, ƙarfen yana ƙona tafin hannu. A hawa na huɗu na ji ƙarfe ya bugi katako. A hawa na uku na ji ya bugi abin da ba katako ba. Sau biyu. Sau uku. Wani yana cewa, "Ƙara masa! Ƙara, zai tashi!" Muryar Yaya ban ji ta ba. Maƙwabta sun ƙure kiɗa, kamar kowace Asabar.

Tsani na ƙarshe ya ƙi sauka. Na rataya da hannu, na yi bismilla, na saki. Na dira kan ƙafar dama, ta gurɗe. Na faɗi ta gaba don kada in danne Nana. Takalmi ɗaya ya fita, na cire ɗayan na bar shi nan.

Waya tana ƙirjina. Lambar kiran 'yan sanda uku ce kawai, Baban Nana ya koya mini tun satin da na zo. Ban kira ba. Takarduna ba su kammala ba, ina tsoron duk mai kaki. Kuma wanda ya miƙa ƙanen ubansa ga 'yan sanda, da wane ido zai sake duban Maradi? Amma babban dalilin ba waɗannan ba ne. Na yi lissafi ina ɗingishi: mutum huɗu, ɗaya tsoho, ɗaya ya riga ya sha ƙasa. Na ce za ta kakkarya su, ta biyo ni, mu haɗu a Stapleton tana mini tsiya.

Sha ɗaya da ashirin da shida na isa tasha. Sha ɗaya da rabi jirgin ƙasa mai lamba huɗu ya zo. Cikinsa sanyi, ƙafata ba takalmi. Wata tsohuwa ta dubi bakina, ta miƙo mini tishu, ta kawar da kai. Nana ta gaji da kuka ta yi barci. Jirgi ya shige ƙarƙashin ƙasa.

Tasha ɗaya ta wuce. Wata ta wuce. Ina jin numfashin Nana a bayana, a hankali, a hankali. Sai wancan numfashin ya dawo mini a kunne. Na tuna abin da Yaya ta sha faɗa mini tana dariya: dabara tana nan, ƙarfin ne ya tafi, in abu ya wuce minti biyu ba ni a ciki. Na duba waya. An wuce minti talatin da fitata ta taga.

Na sauka a titi na tamanin da shida. Na kira a nan bakin dandamali. Turancina kaɗan ne. Na faɗi lambar gida sau uku, na ce jini, na ce ƙarfe, na ce 'yar'uwata. Matar da ta ɗauka ta ce kada in koma can.

Na hau jirgi na gaba har ƙarshen Manhattan. Na shiga jirgin ruwa cikin masu yawon buɗe ido, suna ta ɗaukar hoto. Na zauna kusa da ƙofar banɗaki, ina duban fuskar duk baƙin mutum da ya wuce. Ƙafar ta kumbura ta yi kamar doya. Baban Nana ya kira sau shida kafin in iya ɗauka. Na ce kada ya je gida. Ya ce yana gida, 'yan sanda sun hana shi shiga. Na ce Yaya fa? Ya ce an tafi da ita, tana numfashi.

Ƙarfe ɗaya da kwata na buɗe ɗakinta a Stapleton. Na kulle, na jingina kujera a ƙofa. Na kwance goyo. Zanin ya manne da bayana inda igiya ta fasa fata. Na ba Nana nono a zaune a ƙasa, nesa da taga.

A cikin lungun nan na gidanmu aka sami Yaya, kanta yana bakin uwar ɗaki. Ba wanda ya ƙetare ta. Mutanen sun riga sun gudu. Daga baya, da aka kama Mamman Sani, ya faɗa wa 'yan sanda cewa tun duka na biyu ta faɗi, ba ta sake miƙewa ba. Suka ci gaba da duka saboda tsoro. Baffa ya gargaɗe su tun a mota cewa in Turmi ya tashi ba mai fita da ƙafarsa. Ƙarfin da suka tanada na wanda suka sani a fili ne. Jikin da suka tarar ba shi ba ne.

Kwana goma sha tara ta yi a asibiti. Jini ya zuba a cikinta da yawa kafin a iso. Na tambayi likita ta bakin tafinta, da an zo da wuri fa? Ya ce ba wanda zai iya sani.

Yanzu tana zuwa wurin masu gashin ƙashi sau biyu a sati. Sun ce naman hannun zai dawo, amma da jinkiri, ba kamar da ba. Baban Nana ya ce ko za ta ajiye maganin har ƙarfi ya dawo? Ta ce a'a. Bai sake tayar da maganar ba. Shi ya kwaso kayanmu daga Bronx shi kaɗai, muka kama ɗaki layi biyu daga nata.

An cire mata saifa. Haƙora huɗu sun tafi. Kunnen hagu ba ya ji. Yatsu uku na hannun dama ba sa naɗewa, da hagu take cin abinci. Baffa yana jiran shari'a. Inna mahaifiyarmu ba ta ɗaga wayata ba tun ranar da aka kama shi. Nana in aka ƙwanƙwasa ƙofa sai ta ruga bayan kujera, ko da mai kawo wasiƙa ne.

Yaya ba ta taɓa tambaya ta ƙarfe nawa na kira ba. Kiran yana nan cikin wayata, ban goge shi ba. Sha ɗaya da minti arba'in da huɗu.