Daga Yau, Koma Baya Wata Uku

A ƙarshen mulkin soja, lokacin da kowa a wurin aiki kamarad ake ce masa, na samu aiki a gidan likita na Malanville. Ni ke rubuta sunayen jarirai da ranar da aka yi musu allurar rigakafi. Wata ƙungiyar agaji ta kawo mana ordinatar, wato na'ura mai ƙwaƙwalwa, muka aje ta a ɗakin da wutar lantarki ta fi zama, muna lulluɓe ta da zane in an tashi.

Wani mutumin Parakou ne ya zo ya koya mini. Dogo ne, mai haƙuri, Hausarsa ta kasuwa. Da farko nakan buga wa na'urar kwanan wata, in ce ta fiddo yaran da ba su dawo ba tun ranar, kullum da safe sai na sake lissafi. Ya ce, "Ƙanwata, bar wahalar da kanki. Ce mata kawai, daga yau koma baya wata uku. Ita ta san yau." Haka ya tsara tambayar. Tun daga nan duk yaron da ya haura wata uku bai dawo ba, sunansa kan fito da kansa, ni kuma in hau ɗan babur ɗina, mobilet, in bi su gida-gida.

Akwai wani yaro na Garou, ɗan masunta. Na iske uwarsa bakin kogi tana shanyar kifi. Muka gaisa da harshen Dendi, na ce lokacin allurar yaro ya wuce. Ta goge hannu a zane, ta ce, "Malama, ai ya koma. Zazzaɓi ne, lokacin dashen albasa." Na zauna na yi mata gaisuwa, ta kawo mini ruwa.

Washegari sunan ya sake fitowa, haka kuma kowace safiya. Ran kasuwa matar ta shigo gari, ta biyo ta wurina. Na ce zan share sunan don kada wani ya sake zuwa ya tayar mata da hankali. Ba ta yi karatu ba, sai na nuna mata da yatsa inda yake. Ta daɗe tana kallon gilashin na'urar, sannan ta ce, "Kada ki share shi. Ku dai bar zuwa."

Da mutumin Parakou ya dawo na gaya masa. Ya ja kujera. Ya ƙara wurin yin alama, ya gyara tambayar ta riƙa tsallake duk wanda aka yi wa. Ya ce in tambayi ungozoma ko da wasu yaran da suka koma. Suna da yawa, muka wuni muna yi.

Can baya matar ta kawo jaririya, ta ce in rubuta ta ƙarƙashin sunan yayanta da ya koma. Na ce na'urar ce ke jera su yadda aka tambaye ta. Ta yi dariya, ta ce to, in rubuta dai.