Matan Sarautar Jamus Da Zumuncin Da Na Saki

Assalamu alaikum Edita. A lokacin da wannan abu ya same ni, ni matar aure ce mai 'ya'ya biyu, mace da namiji, a Fagge, ina kuma karatun digiri na biyu a fannin tarihi. A Sabon Gari aka haife ni. Iyayena Yarbawa ne Musulmi, mahaifiyata robobi take sayarwa a kasuwa. Mijina kuwa ɗan babban gida ne na 'yan kasuwar atamfa. Danginsa ba su taɓa zagin nawa a gabana ba, amma duk ranar da yayana ya zo a adaidaita sahunsa, sai a bar shi tsaye a ƙofar gida. Kunya ta sa na ce ya daina zuwa, ni zan riƙa leƙa su. Da farko ina zuwa jefi-jefi, daga baya sai waya ranar sallah.

Bincikena a kan matan gidajen sarautar Jamus ne na wajen shekaru ɗari huɗu da suka wuce. Aure kan kai mace wata masarauta mai nisa, amma ba ta sakin gida. Tana aika wa iyaye da 'yan'uwa saƙo da maganin da ta haɗa da hannunta, tana karɓar 'ya'yansu riƙo. Idan miji ya mutu, 'yan'uwansa kan nemi ƙwace riƙon magaji su tura ta wani gida can gefe, kuma wadda 'yan'uwanta maza suka tsaya mata ita ke da bakin magana. Ni na rubuta wannan da hannuna, malamina har ya yaba, amma ko sau ɗaya ban hango kaina a ciki ba.

Mijina ya rasu a haɗarin mota a hanyar Zariya. Ina fita takaba yayansa ya kira ni, ya ce cikin lallami yara jininsu ne, ba za su tashi a Sabon Gari ba, ni in koma gida in huta. Ashe an riga an kai su gidansa a Rijiyar Lemo da sunan hutu. Na yi kuka, na roƙa, ya ce in turo manyana a yi magana.

Na tafi gidanmu na tarar da mahaifiyata a kwance, ɓarin jikinta ya shanye, bakinta ya karkace. Yayana ya ce ya yi ta kirana ban ɗauka ba, har ya haƙura. Bai yi mini gori ba. Ya sa babbar rigarsa ya je wurin dangin mijina, suka ce su ba su san shi ba. Dole muka je kotu. Shari'a ta ja lokaci, mahaifiyata ta rasu ba ta sake ganin jikokinta ba. Macen ta dawo hannuna. Namijin, da yake ya fara wayo, ya ce a gaban alƙali shi gidan baffansa yake so. Yau in na je ganinsa, daga nesa yake gaishe ni kamar baƙuwa.

Na gane cewa karatu bai amfane ni ba tunda ban yi aiki da shi ba. 'Yan'uwana mata, komai girman gidan da aure ya kai ku, kada ku ji kunyar inda kuka fito. Ku ziyarce su, ku sa yaranku su san su tun suna ƙanana. Ranar da za a ce ku turo manyanku, su kaɗai ne za su tashi.