Gwajin Injin Ban Ruwa Ina Cikin Takaba

Mijina manomin albasa ne a kusa da dam ɗin Watari. Bai taɓa tuƙa abin da ya wuce babur ba, amma duk shekara idan sanyi ya fara sauka, yakan zauna a tsakar gida da wayarsa yana kallon motocin tsere na ƙasashen waje. Tseren kansa bai cika damunsa ba. Abin da yake bi shi ne gwajin da ake yi wa sababbin motoci kafin a buɗe gasa.

Ina tsince shinkafa yana yi mini bayani. Ya ce a kwanakin gwaji kowa ɓoye hannunsa yake. Masu mota mai gudu sukan cika ta da mai don ta yi nauyi, kada a gane ƙarfinta. Waɗanda injinsu ke da ciwo kuwa sai su fito su yi zagaye ɗaya da wuta, su koma rumfa su ja labule, su ce wa 'yan jarida ƙaramin abu ne. Shi ba ya duba wanda ya fi sauri. Yana duba wanda ya wuni yana zagayawa bai tsaya ba.

Da ciwo ya kwantar da shi, injinmu na ban ruwa ya fara tari. Ya aika da shi wurin abokinsa bakanike a Makoda, mutumin da suka taso tare. Mijina ya rasu injin yana can.

Na shiga takaba, ba na fita. Yayan mijina ne ya riƙa kula da albasar, yana aron inji wurin maƙwabta kwana ɗaya a mako. Zafi ya fara shigowa, kowa na bukatar nasa, aron ya yanke. Albasar ta fara ƙwai, kuma ita kaɗai ya bar mana. Idan ta yi mako biyu babu ruwa, shi ke nan.

Sau uku ina aikawa Makoda. Sau uku amsa ɗaya: saura kaɗan. Wata mata da ta zo gaisuwa ta ce ta ga inji irin namu, ja mai tsagaggen murfi, yana aiki a gonar wani. Jajayen injuna suna da yawa. Amma na riƙe maganar.

Ranar da bakaniken ya kawo shi, shi da Yaya, wato yayan mijina, suka ajiye shi a ƙofar zaure, suka sa tiyo a duro don ruwan ya riƙa fita yana komawa. Ni ina daga ciki, bayan labulen zaure. Da jan igiya ɗaya ya tashi. Ya yi ruri kamar minti biyar, bakaniken ya kashe.

"Uwargida, kin ji da kunnenki ko?" in ji shi. "Ko sabo albarka."

Na ce, "Na ji, Malam. Sannu da aiki. Yaya, kafin a tayar da shi, da zafi a jikinsa ko da sanyi?"

Yaya ya ce da ɗan ɗumi, don ya ji lokacin da suke sauke shi daga babur.

"Rana ce ta doke shi a hanya," in ji bakaniken.

Na ce a bar shi ya kwana a zaure. Da safe a tayar da shi da sanyinsa, a cika tanki, kada a kashe sai man ya ƙare.

Ya yi dariya. "Yaya, ashe marigayi ya bar mana injiniya a gida ba mu sani ba. Man da za a ƙona a duro, ba gara a ƙona shi a gona ba?"

"Gona da nisa," na ce. "In ya tsaya a can, ba na ji."

Yaya bai so haka ba. Ya matso ya rage murya ya ce mutumin nan shi ya shiga kabari ya karɓi gawar ƙanensa, bai kamata a nuna masa rashin yarda ba. Na sani. Na ce ban zargi kowa ba, inji nake son a gwada.

Da hantsi bakaniken ya dawo. Ban zaci zai zo ba. Sai a ja na shida injin ya kama. Na zauna a kan turmi ina saurare. Na san muryar injin nan shekara bakwai, kuma a ranar akwai wani ƙwas-ƙwas a ƙarƙashinta da ban sani ba. Wajen awa ɗaya ya yi, warin baƙin mai ya cika zauren, ƙarar ta yi ƙasa, ya tsaya da kansa. Man tankin ko rabi bai ƙone ba.



Sannan bakaniken ya ce, a hankali, cikin injin ya riga ya cinye. Ya ce ya gaya wa mijina tun yana kwance, mijina ya ce ya lallaɓa shi ya fitar da albasar bana, kada a gaya mini. Ya ce abin da ya yi ƙoƙarin yi ke nan.

Yana iya zama gaskiya, don mijina yakan ɓoye mini irin wannan. Yana iya zama kuma an yi wata biyu ana haya da shi a gonakin mutane har ya gaji. Wanda zan tambaya ba ya nan.

Washegari bakaniken ya ɗora injinsa na kansa a babur ya kai gonarmu, ya bar shi can har aka cire albasa. Bai karɓi komai ba. Gefen da ke nesa da ramin ruwa ya riga ya ƙone, sauran ta yi kyau, mun ci shekara da ita.

Yaya yana cewa wannan shi ne aboki. Nakan amsa da haka ne. Bayan na fita takaba na je har shagon bakaniken na yi godiya. Ya amsa kansa a sunkuye, yana goge fulogi, har na juya bai ɗago ba.