Labarin Mutuwa Ba A Faɗinsa A Tsaye

Jiya na ga jikata a tele, wato talabijin, tana ba da labarin ambaliya. Kafin ta yi magana da matar da ruwa ya ci ɗanta, sai ta durƙusa gabanta cikin taɓo. Nan take na tuna kawun innata.

Falke ne, kullum yana hanyar Madawa da jakinsa. Shi ke kawo wa ƙauyenmu labarin samarin da Nasara suka kwashe zuwa yaƙi, har da babana.

Wata rana ya shigo gidanmu, rigarsa na warin albasa, Inna tana daka. Ya tuɓe takalmi, ya ƙi tabarma, ya zauna a ƙasa.

"Kawu, lahiya?"

"Aje taɓarya ki zamna, ɗiyata."

Ruwan da na kawo masa bai sha ba, ita ya miƙa wa. Sai da ta sha sannan ya faɗa, har da wanda ya yi wa Baba salla. Bai tashi ba sai da kukanmu ya lafa.

Yakan ce labarin mutuwa ba a faɗinsa a tsaye. Ashe maganar ta kai jikata.

Allah ya jiƙan Kawu. Yadda ya zauna da mu, rahama ta zauna da shi.