Kuncin Inna Yelwa

Inna Yelwa mai daddawa ce a Kwatarkwashi, a shekarun da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa Gusau. Tukunyar kalwa ta daɗe da kashe mata tafin hannu, ba ta jin zafi da shi. Don haka in aka kawo mata wanda ake zaton masassara ta kama, kuncinta take ɗorawa a goshinsa. Sai ta zaunar da shi a inuwa, ta ba shi ruwa, ta je ta iza wuta, ta dawo ta sake ji.

"Duk mai rai da ɗuminsa," takan ce. "Zafin rana da na tafiya, inuwa na ɗauke su. Wanda ya ƙi sauka, ga ciwon gaɓoɓi, mutum na jin sanyi, wannan shi ne masassara."

Har daga Tsafe da Bungudu mata kan biyo da goyonsu ranar kasuwa.

Mijinta, Malam Jatau, jikinsa ba ya zafi sai ranar gayya. Wata rana da hantsi ya shigo yana nishi, goshi kamar tanda. Ta ɗora kunci, ta ɗan shinshina rigarsa.

"Malam, masassarar nan taka ƙaurin gawayi take yi. Ya ka baro Garba maƙeri?"

Sai ya saɓi fartanya ya bi masu noma.

Da kaka aka yi wa Garba haihuwa, ya yanka ƙaton rago. Ranar sunan, Yelwa ta iske Jatau zaune cikin rana da riga biyu, haƙora na haɗuwa.

"Lafiyata lau, uwar Amina. Ado ne na yi."

Ta kai shi inuwa, ta ba shi ruwa, ta ji sau biyu. Zafin bai motsa ba. Nan gabanta ya faɗi, don a shekarar masassara ta kwashe mutane a unguwarsu. Ta shimfiɗa masa tabarma, tana shafa masa jiƙaƙƙen zane, tana ɗura masa kunu da jiƙon maɗaci, shi kuwa yana jiyo ƙamshin suya ta bayan danga yana roƙo.

Rana ta huɗu gumi ya karyo masa, jikin ya huce. Abin da ya fara tambaya shi ne kasonsa na nama.

"Na aje maka ƙafa guda," in ji Yelwa. "Sauran na ci, jinya ma aiki ce."